Na'urar Hanifa a Rudun Albasa

Duk Argungu an san Malam Hodi da albasa, an kuma san bara rabin abin da ya ajiye ruɓewa ya yi, har maƙwabta suka riƙa toshe hanci in za su wuce ta bayan gidansa. 'Yarsa Hanifa, wadda ta karanci aikin lantarki take zaune a Birnin Kebbi, ita abin ya fi tsaya wa a rai. Ta ce bana ba za a sake ba.

Sati biyu ta yi a kan tabarma da waya da dalma tana haɗa na'ura. Ta samo ɗan ƙaramin allon lantarki mai gilashin nuna lamba, da wani abu kamar farce mai ƙananan huji wanda ke jin zafi da danshi, ta ciro batir daga tsohuwar fitilar sola. Har yatsa ta ƙone. Da ta hura masa numfashi lamba ta hau a ɗan gilashin, ta yi ta dariya ita kaɗai.

Ta kai Argungu, ta rataye a cikin rudu, wato rumbun kara da ake jibge albasa.

"Baba, lambar ƙasa za ka duba. In ta wuce saba'in, a buɗe a juya albasa ta sha iska."

"To, injiniya," in ji shi, yana ƙyalla ido ya ga ko maƙwabta na kallo.

Kullum da hantsi sai ya kira ta. Hamsin da takwas. Gobe ma haka. Da farko daɗi take ji. Amma da ruwan farko ya sauka, tufafinta suka ƙi bushewa a igiya, tsoho ya ce hamsin da takwas, sai ta san akwai matsala. Ta shiga mota.

Tun daga zaure wari ya tare ta. A cikin rudu ta tarar da na'urar sanye da jar fata, an ɗinke ta tsaf kamar laya, an bar wa gilashin 'yar taga, har da tuntu.

"Baba, mi na wannan?"

"Don ɓera, ɗiyata. Kuma abu tsirara haka, da waya waje? Na kai ma Zayyanu baduku. Sai da munka naɗe shi da leda biyu, kada danshi shi taɓa shi."

Hanifa ta tuna ta gaya masa lambar da zai duba, amma ba ta taɓa gaya masa ta ina abin yake shaƙar iska ba. Shi kuwa duk abin da yake da daraja a wurinsa fata yake sa masa.

"Ka sa hannu cikin albasar kwanan nan?"

"A'a. Na ce naki ya hi hannuna sani."

Wannan ta fi warin yi mata ciwo. Ta karɓi reza ta farke ɗinkin, ta zare ledar. Suna tsaye lamba ta hau, sittin, saba'in, ta tsaya a tamanin da shida. Tsoho ya cire hula ya mayar.

Har la'asar suna tsince. Ta ƙasa ta tafi, ta yi baƙi tana ruwa, amma kashi biyu cikin uku da ƙarfinta. Suka baza ta a inuwa.

Malam Hodi ya ɗauki fatar yana juyawa, murya ƙasa-ƙasa. "Sai a yar da ita ke nan?"

Hanifa ta dubi ɗinkin. Gaskiya Zayyanu ya iya aiki, ɓera kuma ba ƙarya ba ne.

"A'a, Baba. Ɗauko takalminka mu tai wurinshi. Shi huda ta da basilla daidai inda zan nuna mai, kai kuma ka tsaya ka ga wurin."