Karkataccen Jirgin Haji Abbud

Kawuna Haji Abbud, babban dillalin dabino a Basra, shi ya tura ni Istanbul na koyo zanen jirgin ruwa, kuma tun da na dawo bai bar ni na manta ba. Ko gaisawa muka yi sai ya sako zancen. Da ya yi niyyar sa jirgin hayaƙi a kogin Dijla ya riƙa kai mutane Bagadaza, ni ya ba aikin. Shi ne jirgina na farko, duk gari an zuba min ido. Wani attajiri ma, Naji Calabi, ya ce in wannan ya yi kyau, ni zan zana masa nasa. Sunana a sana'ar nan kaf a kan jirgin nan yake.

Dijla kogi ne mai yashi da yawan kwana, da rani wani wurin ruwan bai kai ƙirjin mutum ba. Don haka na zana jirgi mai faɗi, gajere, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Aka ƙero ƙarafan a Bambai ta ƙasar Indiya, aka kawo muka harhaɗa. Kawu ya zo ya zagaya shi yana taɓe baki.

"Shakir, wannan jirgi ne ko tiren shayi?"

"Kawu, haka kogin yake so."

"Kogin ne ya biya maka makaranta? Ina manya za su zauna? Kana so alƙali ya haɗa gwiwa da mai sayar da kifi? A ɗora bene, mai rumfa, wanda za a hango daga nesa."

Na ɗauko takarda na nuna masa yadda nauyi in ya hau sama jirgi yake rasa gindin zama. Ya ture ta gefe ya ɗora kofin gahawarsa a kai. Sai na tuna masa da Sayyid Falih. Duk wanda ya taɓa haura Dijla ya san hubbaren Sayyid, a wata kwana mai tsanani ta hannun dama. Ba mai wuce shi a zaune. Kowa tashi yake ya je gefen da yake kallon ƙubbar, ya karanta Fatiha, mata su jefa ƙyallaye a ruwa. A kwalekwalen mutum goma wannan ba komai ba ne, amma jama'a cike da bene su ruga gefe guda, jirgi yana tsakiyar shan kwana, ai kifewa ce kawai.

"Sai a hana su," in ji Kawu.

"Wa zai hana mutumin Basra gaida Sayyid? Kai kanka, Kawu, wane gefe kake tsayawa in an zo wurin?"

"Kai, tafi can! An tura ka karatu ka dawo da tsoro. Gobe kafintoci za su fara."

Suka kuwa fara. Ina ji ina gani aka ɗora wa jirgina bene da katako mai nauyi, har da kujerun ƙarfe. Baƙin ciki ya hana ni cin abinci, kuma ba wanda zan kai wa ƙara, tunda jirgi nasa ne.

Dabara ɗaya ta rage min. Ranar lodi na tsaya a kan 'yan dako, na sa suka jibge kwal da kwandunan dabino gaba ɗaya a gefen hagu. Lissafina shi ne, in jama'a suka ruga dama, kayan su riƙe jirgin. Amma kafin a kai can dole ya tafi a karkace, kuma haka ya bar Basra a gaban duk wanda ya zo kallo.

Ban taɓa shan dariya irin ta wannan tafiyar ba. Shayi ya ƙi zama a kofi. Kankanar wani ta gangara daga wannan gefe zuwa wancan, mutane suna yi mata tafi. Wata tsohuwa ta kama hannun rigata ta ce, "Ɗana, kai ne mai zanen? Allah sarki, da ido ɗaya ka zana?" Naji Calabi yana bene riƙe da ƙarfen kujera. Kawu kuwa ko kallona ba ya yi.

Washegari da hantsi ƙubbar Sayyid ta bayyana. Wani ya ɗaga murya da salati, sai jirgi ya ɗauka. Na ƙasa da na bene, da alƙalin da ya biyo mu, da Kawu kansa, duk suka yi dama. Na riƙe igiya. Jirgin ya yi ƙara, ya taso a hankali, ya taso, sai ya tsaya cak, a miƙe sambal, daidai yadda na lissafa. Ya sha kwanar nan lafiya lau. Wallahi har hawaye suka zo min, na juya ina neman idon Naji Calabi don ya ga aikina.

Sai tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa. "Sayyid ya miƙar da shi! Karama! Karama!"

Kabbara ta kaure ko'ina. Na yi ta ihu ina cewa kwal ne, dabino ne, ku zo ku gani a ƙasa. Wani dattijo ya daka min tsawa, ya ce in ji tsoron Allah, na yi ɓarna an rufa min asiri kuma ina neman in yi butulci. Ni ba ni da rigima da Sayyid, ni ma na karanta masa Fatihata, amma ba shi ya tsaya a rana yana faɗa da 'yan dako ba. Da aka wuce hubbaren kowa ya koma mazauninsa, jirgi ya koma karkacewarsa, sai suka ce to ga shaida, an fita daga hurumin Sayyid.

Kafin mu dawo Basra labari ya riga mu. Na sami Kawu a shagonsa yana ta fara'a, na roƙe shi a sauke benen nan, jirgi ya tafi daidai kowa ya huta.

"A sauke? Mutane daga ƙauyuka suke zuwa neman wuri don su ga karama. Kai dai ci gaba da abin da ka yi da kwandunan, a zuwa hagu, a dawowa dama, kuma ka rufe bakinka."

Ashe ya gane sarai. Na fita na nufi gidan Naji Calabi, ya saurare ni har na gama, ya ce shi ma ya yarda, sai dai wa zai hau jirgin da aka ce ni na zana? Shi hanyar da nasa jirgin zai bi ta garin Muhammara ce, kuma babu waliyyi a kanta.

Da na isa gida na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana ɗinka wani koren ƙyalle. Na tambaye ta na mene ne.

"Na Sayyid ne," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Na yi alkawari. Da bai gyara maka jirgin nan ba, da wane ido zan kalli mutane?"