Tausar Kwana Uku

Shekara talatin da ɗaya Baba Tausa ya yi yana bin ƙungiyar ƙwallon ƙafa da jakar man zafi da bandeji, kuma a iya saninsa babu ƙafar da ta taɓa gagarar sa. Targaɗe ne, kumburi ne, jijiya ce ta harɗe, sai ya naɗe hannun riga ya ce wa ɗan wasa ya ciji tawul. Shi ya sa da matarsa ta dawo daga wajen ƙanwarta, bayan awa goma sha takwas a cikin bas ƙafa a ƙudundune, sharaɓarta ta hagu ta kumbura ta yi ja ta ɗau zafi, ko kusa bai kawo asibiti a ransa ba. Dariya ma ya yi.

"Kaftin, kin shiga fili ba ki motsa jiki ba," ya ce. Kaftin yake ce mata tun suna amarci, don ita ke ba da oda a gidan.

Ya sa Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta kawo ruwan zafi. Kwana uku yana gasa ƙafar safe da yamma, yana murza ta da babban yatsa daga idon sawu zuwa bayan gwiwa, yana tura jinin sama yadda aka koya masa. Tana cije leɓe, shi kuma yana cewa zafin nan alamar magani na aiki ne.

Rana ta huɗu Auta ta tubure, sai an je ƙaramin asibitin unguwa. Likitan ya auna sharaɓa biyun da igiyar awo irin ta tela, ya ɗan danna, fara'arsa ta ɗauke.

"Ina zargin jini ne ya daskare a jijiya, ya yi guda. An murza ƙafar nan?"

"A'a," in ji Kaftin, tun kafin ya rufe baki.

Auta ta sunkuyar da kai. Baba Tausa ya buɗe baki, ya ga idon matarsa a kansa, ya mayar ya rufe.

"Madalla," in ji likitan. "Kar kowa ya taɓa ta. In aka murza, gudan zai iya ɓallewa ya bi jini ya toshe huhu. In kun ga numfashinta ya canza ko ƙirji na suka, wannan ba maganar jira ba ce." Ya rubuta takarda ya miƙa musu. "Ku je babban asibiti, ku nemi likitan jini. Yau, ba gobe ba."

Suka hau tasi. Baba Tausa ya cusa hannayensa tsakanin cinyoyinsa, yana jin ƙaurin man zafi na tashi daga yatsunsa, ƙaurin da sabulu ya daɗe da haƙura da shi.

Babban asibiti kuwa gari ne guda. Tagar farko ta ce sai an yanki kati. Mai yankar kati ya ce sashen jini yana hawa na biyu. A hawa na biyu suka tarar ashe wurin ɗibar jini ne na gwaji, ba wurin likitan jini ba, wata mai shara ce ma ta tausaya musu ta nuna musu wani gini can bayan wurin ajiye motoci. Keken marasa lafiya duk an ɗauke. Kaftin ta dafa kafaɗar Auta tana ɗingishi, tana cewa ba komai, ita da ta haifi biyar wannan ɗan tattakin ne zai kayar da ita?

Sai ƙarfe goma sha ɗaya da rabi suka isa. Doguwar baranda ce da bencuna biyu cike da mutane, fanka ɗaya na juyawa da ƙyar, ga wata taga mai gilashi da wani ma'aikaci a bayanta yana cin gyaɗa daga aljihu. Wata mata ta matsa, Kaftin ta zauna. Baba Tausa ya bi layi, mutum bakwai a gabansa.

Da ya isa, ma'aikacin ya karanta takardar, ya buɗe kwamfuta.

"Likita tana ganin sababbi ranar Alhamis ne kawai. Wannan Alhamis ta cika, ta sama ma ta cika. Ranar ashirin da uku, ƙarfe takwas."

"Ɗana, wanda ya turo mu ya ce yau."

"Kowa da ke kan bencin nan yau aka ce masa, Baba. Kumburin ƙafa aka rubuta. Tana tafiya da ƙafarta?"

"Tana yi."

"To ashirin da uku. Na baya."

Ya karɓi 'yar takardar ya juyo. Ka ga mutumin da ke yi wa alƙalin wasa tsawa a gaban dubban mutane, yau wani mai cin gyaɗa ya sallame shi da kalma biyu. Ya zo ya tsaya a gaban matarsa zai gaya mata, sai ya lura da wani abu.

Kafaɗunta yake kallo. Suna hawa suna sauka, gajere-gajere, da sauri. Minti ashirin ke nan tana zaune, ya ci a ce gajiyar tattaki ta sake ta. Ya san numfashin mai gajiya, ya ga dubunsa a gefen fili, minti uku yake yi ya lafa. Wannan ba ya lafawa. Kuma duk sanda ta ja iska sai ta ɗan karkata dama, gwiwar hannunta manne da haƙarƙari.

"Kaftin, ƙirjinki ne?"

"Zafi ne ya yi yawa a nan."

"Tun yaushe?"

Ta kau da kai. Auta ce ta amsa. "Tun da safe, Baba. Ta ce kar in faɗa."

Ya durƙusa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, idonsa a kan agogo. Ya ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar. Talatin da ɗaya. Ya sake, ko ya yi kuskure. Talatin da biyu.

Ta riƙo bakin rigarsa, ta yi ƙasa da murya. "Malam, mu tafi gida. In ka faɗa, cewa za su yi kai ne. Ba zan zauna a ci maka mutunci a gaban 'yarka ba."

Wannan magana ta fi komai ƙona masa rai. Wato tun safe tana haɗiye numfashi don kar a ga laifinsa. Garin neman gira za a rasa ido, kuma idon nata ne. Ya zare rigarsa daga hannunta a hankali ya koma taga, ya wuce mutum biyar da ke layi. Wani ya ce, "Malam, layi fa," bai ko waiwaya ba.

"Baba, na riga na ba ka rana," in ji ma'aikacin.

"Ƙarya muka yi wa likitan can." Muryar fili ce ta fito masa, wadda ake ji daga waccan raga zuwa wannan. "Ya tambaya ko an murza ƙafar, muka ce a'a. Ni na murza ta. Kwana uku, safe da yamma, da ruwan zafi, da ƙarfina. Yanzu bugun zuciyarta ɗari da ashirin da takwas ne tana zaune, ƙirjinta na suka ta dama tun safe. Ka kira wanda ya san abin da wannan ke nufi."

Ma'aikacin ya yi tsuru-tsuru da gyaɗa a hannu. Wata nas da ke wucewa da tire ta tsaya cak.

"Ina take?"

Daga nan komai ya koma gudu. Keken da aka ce babu ya fito. Aka maƙala wa Kaftin wani ɗan abu a yatsa, nas ta dubi lambar ta ce wa abokiyar aikinta, "Kira likita, ki ce ta bar abin da take yi." Suka tura ta sashen gaggawa, Auta na biye da takalmin uwarta ɗaya a hannu. Aka rufe ƙofa a fuskar Baba Tausa.

Awa biyu ya yi a tsaye. Auta tana can ƙarshen benci, ba ta dube shi ba, shi ma bai ga laifinta ba.

Likitar jinin ta fito, mace ce gajera mai furfura a goshi. Ta ce hoto ya nuna wani yanki na gudan ya kai huhun dama. An yi mata allurar tsinka jini, an sa mata iska. Kwana biyun nan za su sa mata ido sosai, in ta wuce su, sai maganin wata da watanni.

"Za ta wuce su?"

"Ina sa rai. Kun zo da sauran lokaci, amma ba mai yawa ba."

"Likita, ni na tura gudan?"

Ta dube shi. "Yakan ɓalle ko ba a taɓa ba. Tausa ma takan ɓalle shi. Babu gwajin da zai gaya mana wanne ne, ba yau ba, ba nan gaba ba. Shiga ka gan ta, minti biyar."

Kaftin na kwance an ɗaga mata kai, robar iska ta rufe hanci da baki, ƙafar hagu a kan matashi. Da ta gan shi ta harare shi, hararar da ya sani, ta wanda ya ƙi bin oda. Sannan ta juyo da tafin hannunta sama a kan zanin gado, tana jira.

Ya miƙa nasa, ya tsaya a rabin hanya. Ya juya wajen nas da ke gyara ledar ruwa.

"'Yata, hannu fa? Zan iya riƙe mata hannu?"

Nas ta dube shi, ta dubi manyan yatsun nan nasa. "Hannu ba komai, Baba."

Ya ɗora tafinsa a kan nata, bai matse ba ko kaɗan. Ita ce ta damƙe.