Katakan Zamiyar Halvard

"Ba zan shiga motar asibiti ba sai an shafa wa katakan nan kaki," in ji Halvard, yana tari cikin gwangwanin da yake tofa tabarsa.

Gunvor ta tsaya a bakin kicin ɗinsa, ta toshe hanci da gyalenta. Maƙwabciyarsa ce, bango ɗaya ya raba su tun kafin mazan layin su fara furfura, amma rabonta da ɗakin nan tun rasuwar matarsa. Ashe ta huta! Teburin cin abinci ya zama wurin aiki. Katakan zamiyarsa na kan dusar ƙanƙara suna kwance a kai, tsakanin busasshen cukwi da magagari. Danƙon da yake shafa musu lokacin narkewar ƙanƙara ya bi kofuna da mariƙin ƙofa, har kyanwar gidan tana yawo da ɓawon albasa manne a wutsiya.

"Likita ya ce yau za a kwantar da kai, tsohon banza. Mota na hanya."

"Ta zo ta koma. Sanyi ya wuce, in aka ajiye su tsirara har kaka, bushewa za su yi."

"Kai da ko banɗaki sai an riƙe ka, wace kaka kake jira?"

"Ke dai ɗauko dutsen gugarki. Nawa ya ƙone."

Kowa a ƙauyen ya san Gunvor ba ta ba da aron dutsen gugarta, ko matar fasto ta tambaya ta sha kunya. Amma ta ga leɓensa ya yi shuɗi, ta kuma san taurin kansa. Ta je ta ɗauko, tana zaginsa tun daga matakala.

Daga kujera yake ba da umarni. Ta manna kakin a jikin ƙarfe mai zafi, ya riƙa ɗiga a kan katako.

"Daga kai zuwa wutsiya. Kada ki tsaya wuri ɗaya, za ki ƙona shi. Haka kika yi wa wandunan mijinki, marigayi Oddvar."

"Oddvar dai bai taɓa soya kifi da kaskon narka kaki ba."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Hayaƙi ya cika ɗakin, mai warin kyandir da tsohon mai. Gashin kyanwa ya manne a hannun rigar Gunvor, silifas ɗinta na kama ƙasa duk taku.

"In kankare?"

"A'a. Ki bar shi da kauri. Sai ƙanƙarar fari ta sauka ake kankarewa."

Ta gama na farko, ta jingine shi, ta ɗora na biyu. Ta ci gaba da ba shi labarin ɗiyarsa Ingunn, wadda ta ce da zarar ya tafi sai ta ƙona rabin kayan gidan nan, kuma wallahi ita Gunvor za ta ba ta ashana. Bai rama ba. Halvard da ko gaisuwa sai ya yi musu a kai.

Ta waiga. Kansa ya karkata gefe, gwangwanin ya zame cinyarsa.

Ana nan sai ga ma'aikatan asibiti biyu da gadon ɗauka. Ɗayan ya taɓa wuyansa, ya dubi Gunvor, ya girgiza kai.

"Mama, kashe dutsen nan, hayaƙi ya yi yawa," in ji shi.

"Matsa mini," ta ce. "Saura wutsiya."

Ta ja ƙarfen a hankali har ƙarshen katakon. Kakin ya bi bayansa yana sheƙi, sannan ya huce, ya yi fari.