Irin Geron Inna Kulu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani ƙauye kusa da Dingaya akwai wata Kirista, Rifkatu, danga ɗaya ce tsakaninta da Inna Kulu. Bayan kaka rumbun Inna Kulu ya tsage, sai ta kawo irin geronta, tiya biyu ƙulle a zane, ta ce, "Ajiye min, 'yar nan. Irin kakana ne, kwana saba'in ya nuna."

To, jajibirin Kirsimeti baƙi suka cika gida. Cikin rububi Rifkatu ta ɗauki ƙullin da ba nata ba, ta surfa, aka niƙo, aka dama kunu, aka shanye tas. Sai da ta zo kakkaɓe zanen ta gane. Ta je kasuwar Birnin Kudu ta auno tiya biyu ta ƙulle a zanen, wai ai gero gero ne. Mijinta ya murza a tafin hannu ya ce, "Wannan maiwa ce." Maiwa kuwa, kun sani, sai damina ta wuce take nuna. Wanda ya shuka ta yana jiran tumu, yunwa ce za ta riga shi gida. Rifkatu ta ce ya rufa mata asiri, ta mayar wa tsohuwa ƙullinta kamar irin nata ne a ciki.

Ruwan shuka ya sauka ranar Asabar. Ran Lahadi a coci fasto ya ce, "Zunubin da aka binne ba ya ruɓewa, tsirowa yake. Ku furta shi gaban Ubangiji, ku furta gaban wanda kuka cuta, gafara tana nan."

Rifkatu ba ta jira waƙar ƙarshe ba. Da kayan Lahadinta ta ruga gona, caɓo har gwiwa. Nuru, ɗan Inna Kulu, yana gaba yana sara da sungumi, tsohuwa na biye da ƙwarya.

"Inna, kar ki zuba! Maiwa ce! Irinki na dama kunu da shi, na ɓoye miki wata biyar. Na yi laifi, ki gafarce ni."

Inna Kulu ta tsaya cak, fuska a murtuke. "Irin kakana? Kunu?"

"Kunu, Inna."

"Tsaya. Ba dai wanda kika aiko min a kwano ba, har na ce ya yi garɗi?"

"Shi ne."

"Kai! Ashe da bakina a cikin ɓarnar!" Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya har ƙwaryar ta kusa kifewa. "Tashi, na yafe. Da kin yi shiru, da sai zangarniya ta tona ki muna cikin yunwa. Maza ki tafi Zandam, ƙanwata Zahara'u tana da irin nan, kafin ƙasa ta bushe."

Rifkatu ta hau acaɓa tana yabon Allah da ƙarfi, har ɗan acaɓan ya tambaya ko haihuwa aka yi. Kafin la'asar ta dawo da iri, su uku suka shuke gonar.

Geron ya nuna a kan kari, gidan Inna Kulu ne suka fara gasa tumu a ƙauyen. Nuru ya gina sabon rumbu. Rifkatu ta shuka maiwar a gonar mijinta, ta samu dami tara. Ita da Inna Kulu suna nan, maƙwabta, har yau.