Mutumin da Tolliver Ya Ƙyale

Tun jiya Asabar da aka tashi wasa Cedric Tolliver bai sa komai a cikinsa ba. Ƙaton da ke tashi da kaza guda shi kaɗai, yau ga shi a ɗakin kallon bidiyo na ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta jami'arsu, an ajiye biskit da soyayyar kaza a gabansa, ko kallo ba su ishe shi ba.

Aikinsa a fili shi ne tare abokan gaba, kada su kai ga Wyatt Ledbetter, mai rabon ƙwallo. Amma wasan zaɓi, wanda Koci Varnado ke ji da shi kamar ɗan fari, yana da tasa doka: da gangan ake ƙyale mutum ɗaya cikin abokan gaba ba a tare shi ba. In ya nufo Ledbetter, sai Ledbetter ya cilla wa Renfro mai gudu. In ya bi Renfro, Ledbetter ya ruga da kansa. Tolliver ne ke tantance wa za a ƙyale. Wanda ya tsaya masa ta wajen kafaɗa, ya bar shi. Wanda ya tsaya ta ciki, ya danne shi.

Sau biyu a bana hannunsa yana rigan kansa, ya danne wanda ya kamata a bari, wasa ya watse. Koci kuwa ya gaya masa a gaban kowa, kuskure na uku benci ne har ƙarshen kakar wasa.

To jiya, ana dab da ɗaga ƙwallo, wani abokin gaba mai lamba casa'in da huɗu ya ɗan gusa. Ciki ne? Waje ne? Tolliver ya ƙyale shi, ya wuce gaba. Sai ya ji ƙara a bayansa, tim! Ko da ya waiwayo, Ledbetter na kwance yana riƙe da haƙarƙari. Sun ci wasan, amma 'yan kallo sun yi masa ihu, mahaifiyarsa ma ta bugo waya daga gida.

"Cedric, da idona na gani a talabijin. Ka kauce wa mutum ya buge ɗan mutane! Haka na rene ka?"

Wallahi ihun dubban mutane bai yi masa zafi kamar wannan ba.

Koci Varnado ya shigo da kofin kofi a hannu, ya kunna majigi, ba ko sallama. Wasa bayan wasa yana wucewa, yana zagin wannan, yana gyaɗa wa wancan kai. Da aka iso wurin, ya tsayar da hoto.

"Tolliver, kana raye?"

"Ina nan, Koci."

"Me ka gani?"

"Ya gusa, Koci. Na ɗauka ta waje ya tsaya."

"Ka ɗauka? Ɗauka muke yi a nan?"

Koci ya sauya zuwa kyamarar da ke bayan fili, ya mayar da hoto baya, ya sake mayarwa, kamar mai neman allura. Tolliver dai gumi har cikin takalmi. Can Koci ya tashi, ya ɗora yatsa a kan allo.

"Ku dubi ƙafar hagu ta casa'in da huɗu. Ku dubi kafaɗar Tolliver. Waje ne, da taƙi guda. Wannan mutumin rabon Ledbetter ne, ba na Tolliver ba."

Ya saki hoto a hankali. Ga casa'in da huɗu ya taho a guje, ga Ledbetter ya riƙe ƙwallo, ya riƙe, sai da mutumin ya iso masa gab sannan ya cilla. Ga Renfro ya kwasa. A gabansa kuma ga Tolliver ya kifar da wanda ya rage, hanya ta buɗe fayau, Renfro ya yi gudun yadi talatin da ɗaya. Shi duk bai ga wannan ba jiya, hankalinsa na kan wanda ke kwance.

"Ledbetter, don me ka daɗe da ita?"

Ledbetter, haƙarƙari naɗe da bandeji, ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Da na cilla da wuri, Koci, da Renfro zai bi. Sai na bari ya zaɓe ni." Ya juyo wurin Tolliver. "Amma don Allah, Babba, nan gaba ka riƙa turo min ƙanana. Wannan ai firji ne da ƙafafu."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har Koci sai da ya murmusa cikin kofinsa.

"Asabar mai zuwa kana ciki, Tolliver. Ka ci gaba da ƙyale min mutane haka."

Tolliver ya sauke wata irin ajiyar zuciya, kujera har ƙara ta yi. Daɗi ya kama shi, idonsa ya ciko. Shekara tara yana buge mutane a fili, yau ce ranar farko da aka yaba masa don bai taɓa wani ba.

"Koci, a ba ni wannan hoton in tura wa Mama?"

"Tura mata. Ka ce ta dubi ƙafar."

Ya jawo farantin kazar gabansa da hannu biyu.