Ƙofar Da Ba Tata Ba

Saurayin ya riga ya ɗora bakin injin huda a kan makullin, bai ko tambayi sunanta ba.

"Mamita, ja da baya. Wannan makulli ya mutu, sai an huda. Ina da sabo a jaka, ɗan waje."

Doña Hermelinda ta dube shi sama da ƙasa. Lambar wayarsa ta samo a jikin sitikar nan da irinsu ke mannawa a ƙofofin mutane a duk unguwar Comas. Ba suna, ba shago. Ƙofar kuwa ba tata ba ce. Ta Don Teófilo ce, tsohon direban bas da ke gangaren tudu, ƙasa da gidanta. Ya ara mata ita na yini guda, bai tambayi dalili ba.

Don Teófilo ya buɗe daga ciki, yana taunar gasasshiyar masara.

"Maigidan ne?" in ji saurayin.

"Allah ya kiyaye," in ji Hermelinda. "Tattara ka tafi. Kai ko ƙofar coci aka nuna maka, hudawa za ka yi."

Ya hau babur yana zage-zage. Shi ne na biyu da ta gwada. Na farko da guntuwar waya ya buɗe, har ya tsaya jiran yabo. Kayan banza, su duka.

Ɗanta Wilmer ne ya jawo wannan. Ƙato, gemu har da furfura, ba aiki sai shaye-shaye. Ya yanki nasa ɗan makullin gidan a ɓoye. Tukunyar gas ta tafi, rediyo ya bi ta, dutsen guga ma. Saura keken ɗinkin da take ci da shi. Yau yana Callao, can bakin teku, wurin abokansa, gobe zai dawo aljihu wayam. Canza makulli ba wuya. Amma ina amfanin sabo, in duk ɗan iskan da ke da babur zai buɗe wa wanda ya kira shi?

"Ki je kasuwa, bayan masu kaji," in ji Don Teófilo. "Akwai wani Anselmo. Ba shi da fara'a ko ta anini."

Ta same shi a rumfa yana goge makulli da zarto. Gajere, mai tumbi, bai amsa gaisuwa ba. Ya biyo ta hawan tudun yana haki, ya dire akwatinsa a ƙofar Don Teófilo.

"Nan ne gidanki?"

"Nan ne, maestro. Makullin ya ɓace."

"Wa ya sani?"

"Ni na sani."

"Ke kika kira ni. Shaidarki ba ta ci."

Ya tsallaka titi zuwa kantin Rufina. Duk maganar da ta shiga kantin nan da safe, kafin rana ta faɗi ta kai ƙarshen layi. Rufina ta leƙo ta bayan ƙarfen taga.

"Gidan Teófilo ne wannan. Hermelinda, a shekarunki? Ki ƙwanƙwasa mana, ai gwauro ne, zai buɗe."

Anselmo ya dawo ya ɗauki akwatinsa.

"Kin hau da ni wannan tudu don ki mai da ni ɓarawo."

"Ajiye, maestro. Kai nake nema. Gidana ga shi can sama, mai shuɗiyar ƙofa."

Bai motsa ba sai da Rufina ta ɗaga masa kai.

Aikin bai ɗau lokaci ba. Ya ɓare sabon makullin daga kwali a gabanta, ya miƙa mata 'ya'yansa duka, ɗaure da wayar kamfani. Ya ce ta gwada da hannunta. Ta gwada. Keken ɗinkin na nan bakin taga, lulluɓe da tsohon zane.

"Maestro, in wani ya zo rumfarka ya ce nan gidan uwarsa ne, ya yar da makulli?"

"Sai in tambayi maƙwabta."

"In suka ce ɗana ne?"

"Ɗanki ne?"

"Ni na haife shi."

"To, zan buɗe."

Ta dubi keken ɗinkin. Ya ci gaba da nannaɗe kayansa.

"Yanzu da na gane, ni ba zan buɗe ba," ya ce. "Amma masu gaskiya a sana'ar nan ba ni kaɗai ba ne, kuma duk abin da za su yi ke nan. Su tambayi mai kanti. 'Yan babur kuwa, ba abin da ke korarsu sai idon unguwa. Makulli ƙarfe ne, señora. Bai san ɗa ba, bai san ɓarawo ba."

Ya sauka abinsa, ba sallama.

Shekaru tana gaya wa layin nan cewa Wilmer yana aiki a tashar jiragen ruwa. Tukunyar gas, ta ce ita ta sayar, wai warinsa na sa ta ciwon kai. Ta gwammace ta dafa da kananzir da a ce Rufina ta ji gaskiyar.

Ta kulle ƙofar, ta murɗa sau biyu, ta sauka a hankali. Mata biyu ne a bakin kantin, ɗaya na sayen shinkafa, ɗaya ba ta sayen komai. Ba ta jira su tafi ba.

"Rufina, ajiye awon nan. Ku ma ku tsaya, kowa ya ji sau ɗaya. Maganar Wilmer ce."