Shekaru Bakwai da Haruna Ya Rage

Haruna ya aske gemunsa tas, har ya yanke haɓa, sannan ya sa uwarsa Marka gaba suka taka daga Safo zuwa biron Madarunfa, wato ofishin hukuma. Ana ɗaukar masu gadin daji, amma sai wanda bai wuce ashirin da biyar ba. Shi kuwa talatin da ɗaya gare shi, ga rumbu wayam tun farin bara, ga 'ya'ya uku. Dabarar mai sauƙi ce: marar takardar haihuwa yakan kawo shaida, a rubuta shekarar da aka faɗa. Rabin samarin biro ma haka suka sami ƙuruciyarsu.

Abin tsautsayi, malamin da ke rubutun, wanda ake kira Mushe Sa'idu irin na Faransanci, ɗan Safo ne.

"Shekarar haihuwa?"

"Hamsin," in ji Haruna, yana kallon tebur.

"Sunan uba?"

"Kanta."

Mushe Sa'idu ya ajiye alƙalami. "Kanta da ya rasu wurin aikin tilas? Da ubana aka tahi da su, a arba'in da huɗu." Ya juya wajen tsohuwar, ya rage murya. "Inna, kin san mi takardar ga ke faɗi kanki? Cewa kin haihu shekara shida bayan mijinki ya kwanta dama."

Haruna ya ji kamar an tuɓe shi tsakiyar kasuwa. Kwana goma yana lissafin shekarunsa, bai taɓa lissafa nata ba. Matar nan ta ƙi maza huɗu bayan Kanta, duk Safo an sani, kuma ba ta da wani abin taƙama da ya wuce wannan. Ga mutane cike da benci suna saurare.

Marka ta gyara zanenta. "Na ji, ɗana. Rubuta."

Kalma ɗaya ta ishi Haruna ya hana. Ya buɗe baki, ya tuna rumbun, ya rufe. Ta dangwala yatsa, aka buga hatimi.

A hanya ya bi ta a baya kamar mai rakiyar gawa, kunya ta hana shi ko tari. Sai da rufin ɗakunan Safo ya bayyana ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"In 'yan'uwan ubanka sun tambaya," ta ce, "ni na faɗi shekarar. Kai ba ka ce komi ba."